Mai haɗa da'ira da cajar USB-C: ka fara daga 5V

'Yan uwa masu haɗa bod, idan za ka ja wuta daga cajar USB-C mai PD (Power Delivery, tsarin da caja da na'ura ke ciniki kan ƙarfin wutar da za a bayar), ka tsara da'irarka ta iya farkawa da 5V kaɗai. Ko da 20V kake nema.

Dalili kuwa, caja ba ta sakin babbar wuta kai tsaye. Da farko ma babu komai a layin VBUS, wato layin da ke ɗauko wutar, sai ta ga rizista 5.1kΩ daga CC (layin da caja da na'ura ke magana ta kansa) zuwa ƙasa, wato GND. Sannan ta ba da 5V, ta faɗi abin da take da shi, cif ɗinka na PD ya zaɓa, kafin ta ɗaga zuwa 9V, 15V ko 20V.

Ni na sha wahala a nan. Na ciyar da cif ɗin PD ta regileta (mai daidaita wuta) da ba ta tashi sai wuta ta kai 7V. Mita na nuna 5V, bod shiru. Wanda zai nemi ƙarin wutar shi kansa bai farka ba. Kwana biyu ina zargin caja.

Ƙafafun CC biyu ne a soket ɗin: ka sa rizista daban a CC1, daban a CC2, kada su yi tarayya. Kapasitar bakin shiga kada ta wuce 10µF. Babban lodi kuma ka tsare shi da MOSFET (transista mai aikin makunni) har a gama cinikin PD.

Amma fa da wayar USB-A zuwa C babu cinikin PD. Kuma ba kowace caja ke da 12V ba, ka duba jikinta kafin ka saya.