Yadda Za Ka Tsallake Shekarar Farko a Digirin Lissafi Ba Tare da Kari-oba Ba

Na daɗe ina yi wa 'yan aji ɗaya tutoriyal da yamma, tun ina aji uku, kuma mafi yawan waɗanda na ga sun sha ƙasa a zangon farko yara ne da suka shigo da A1 ko B2 a lissafin WAEC. Sun saba a ba su fomula su zuba lambobi, amsa ta fito. A jami'a kuwa za a ce maka: me ya sa fomular ta zama gaskiya? Daga nan ido yake raina fata. Ba zan tsaya kan biyan kuɗin makaranta ko neman ɗakin kwana ba, wannan duk wanda ka tarar a bakin ƙofa zai nuna maka.

Mataki na farko: ka yarda da kwas ɗin da kake ciki

Mu faɗa wa juna gaskiya, ƙanina. Da yawa daga cikin 'yan ajinku likitanci ko injiniya suka cike a JAMB, aka turo su sashen lissafi. Sai su ƙare zango guda suna cewa ai su baƙi ne, baɗi za su canza. To, canjin kwas ɗin ma sai da sakamako mai kyau ake ba da shi, idan an bayar. Ko za ka tafi ko za ka zauna, karatun bana dai ba makawa. Ka ajiye ƙorafin a gida.

Mataki na biyu: ka san abin da ka yi wa rajista da yadda ake ƙirga maki

A tsarin darussan jami'a na CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fitar a ƙarshen 2022, ɗalibin lissafi na aji ɗaya zai haɗu da MTH 101 mai ɗauke da aljebra da tirigonometiri, da MTH 102 wato kalkulas, da MTH 103 na bekto da jometiri. Ga fiziks, ga kwamfuta, ga GST, wato darussan gama-gari, na Turanci da na al'adun Nijeriya. Kowace jami'a tana ƙara nata a kai, don haka kafin ka danna komai a shafin rajista, je wurin kodinetan ajinku da kanka. Kada ka kwafi fom ɗin aboki.

Makin kuma haka yake a ma'aunin 5: daga 70 zuwa sama A ne mai maki 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1, ƙasa da 40 faɗuwa. Tunda lissafi ka zo karantawa, yi wannan da kanka: ka ɗauki yunit 15 (yunit shi ne nauyin da aka ba kowane kwas), ka ci B a duka, GPA ɗinka, wato matsakaicin makinka na zango, 4.00. Ka faɗi kwas ɗaya tak mai yunit 3, sauran yunit 12 na nan a B, ka koma 12 sau 4, 48 ke nan, a raba da 15, wato 3.20. Daga matakin 2:1, mai bi wa daraja ta ɗaya a digiri, wanda yake farawa daga 3.50, ka zame ƙasa saboda kwas guda, kuma baɗi za ka sake zama da ƙannenka ka rubuta shi, wato kari-oba ke nan, wani lokacin ma lakcarsa ta ci karo da ta aji biyu. Sannan a ƙa'ida sai ka halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin a bar ka shiga jarrabawa. Wasu malaman suna kau da kai, wasu ba sa yi, kuma ba za ka san wanne ka samu ba sai ranar.

Mataki na uku: ka koyi kafa hujja

Nan ne na faɗi, don haka nan zan daɗe.

A gwajinmu na farko an ce mu nuna cewa 1 + 3 + 5 + ... + (2n − 1) = n². Na yi murna. Na sa n = 1, ya yi. Na sa 2, na samu 4. Na sa 3, na samu 9. Na ci gaba har 6, na cika shafi da rubutu mai tsabta, na ja layi biyu a ƙasa. Da takarda ta dawo, maki 1 cikin 5, da jan biro a gefe da Turanci cewa misalai ne na kawo, hujja fa? Na bi malamin har ofis ina ganin an zalunce ni. Bai yi musu da ni ba. Ya rubuta n² + n + 41 a bayan wata ambulan, ya ce in gwada. Da 1 na samu 43, da 2 na samu 47, da 3 na samu 53, da 4 na samu 61. Duka lambobi ne da ba su rabuwa sai da 1 da kansu. Ya ce ko na yarda kullum haka za ta riƙa bayarwa? Na ce ƙwarai, malam. Ya ce sa 40. Na samu 1681, wanda shi ne 41 sau 41. Daga 1 har 39 tana gaskiya, a ta 40 ta karye. Ni kuma na tsaya a 6 ina neman cikakken maki.

Ga yadda ake yin waccan hujjar, ka kwatanta da hawa tsani. Abu biyu kawai ake nema: ka nuna za ka iya taka matakala ta farko, ka kuma nuna cewa daga kowace matakala kana iya hawa ta gaba. Na farko: n = 1 ya ba da 1 = 1². Na biyu: ka ɗauka maganar ta tabbata a kan wata lamba k, wato jimlar ta kai k². Lambar da za a ƙara a gaba ita ce 2k + 1. Jimla ta zama k² + 2k + 1, wanda shi ne (k + 1)². Shi ke nan, layi huɗu. Inda yara suke ɓata shi: su fara da rubuta abin da ake so su tabbatar kamar ya riga ya tabbata, su yi ta juya ɓangarorin biyu har su iso 0 = 0. Kada ka yi haka. Fara daga ɓangare ɗaya, ka tafi har ka isa ɗayan, kana rubuta dalilin kowane taku da kalmomi. Hujjar da babu jimla ko ɗaya ta magana a cikinta, ni ban yarda da ita ba.

Sai ta'arifi, wato ma'anar da aka ba kowace kalma. Wannan haddace shi za ka yi kalma da kalma, kamar yadda ka yi hadda a makarantar allo, domin kalma ɗaya in ta faɗi ma'anar ta rushe. Amma kada ka tsaya a haddar. Kowane ta'arifi ka nemo masa misali ɗaya da ya shiga, da ɗaya da bai shiga ba. An ce fankshin shi ne wanda kowane x yake da y guda ɗaya tak. To y = x² ya shiga. Da'irar x² + y² = 1 ba ta shiga ba, don x = 0 yana ba da 1 da −1. Haka za ka gano cewa √(x²) ba kullum yake zama x ba: sa −3 ka ga 3 ta fito.

Ka kula da ƙananan kalmomin Turancin tambaya. In aka ce "hence", ana nufin ka yi amfani da abin da ka gama nunawa yanzu, in ka bi wata hanya ka yi asarar makin ko da amsarka daidai ce. In aka ce "if and only if", aiki biyu ne, zuwa da dawowa.

Wani tarko: a jami'o'i da dama darussan aji ɗaya na taron jama'a ne, ku da 'yan kimiyya da injiniya ɗaruruwa a ɗaki guda, jarrabawar kuma ta kwamfuta ce, zaɓi A zuwa D. Kana iya cin A ba ka taɓa rubuta hujja ɗaya ba. Su 'yan wasu sassan sun rabu da ita. Kai kuwa a aji biyu Real Analysis da Linear Algebra suna jiranka, kuma kusan duk hujja ce. Tun ran gini ran zane.

Mataki na huɗu: tsarin yini

Dokata ita ce awa biyu bayan sallar Asuba, da biro da takarda. Karanta misalin da aka warware, rufe littafin, sake yin sa da kanka. In ka maƙale, ka ba shi minti 20 kafin ka leƙa. Wanda yake kallon bidiyon lissafi a waya yana gyaɗa kai, ji yake ya gane, sai an miƙa masa farar takarda. Rukunin karatu kada ya wuce mutum uku. Na huɗu hira yake kawowa.

Kada ka kashe kuɗi kan sababbin littattafai a zangon farko. Laburare na da su, 'yan aji biyu kuma suna da handawut ɗin bara. Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne kalkuleta ta gaske irin Casio fx-991, ka kuma duba da kyau don jabu sun cika kasuwa. GeoGebra kyauta ce a waya, ka zana duk fankshin da aka ba ka ka ga kamanninsa. Manhajojin da ke warware aikin gida kuwa, a duba amsa da su bayan an gama, ba kafin ba.

Mataki na biyar: zango na biyu da jarrabawa

Kalkulas ba ya wahalar da wanda aljebrarsa ke da ƙarfi, don haka a hutun tsakiya ka koma kan fakto da tirigonometiri. Kada ka raina GST, yunit ɗinsa ma ana ƙirgawa. Gwajin tsakiyar zango yakan ɗauki maki 30 ko 40 cikin 100, wanda ya rasa shi ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Nemi tambayoyin shekarun baya tun mako na shida, ka yi su da agogo a gabanka. In sakamako ya fito babu naka a wani kwas, ka rubuta wa jami'in jarrabawa na sashe a makon, kada ka bari sai aji huɗu. Ranar jarrabawar kalkulas kuma, kafin ka zauna, duba saman allon kalkuletarka: in ka ga D, wato digiri, mayar da ita R, don da ma'aunin kusurwa na radiyan ake aiki.