Jinyar mai raunin garkuwar jiki: abin da nake dubawa kullum

Ranar da na fara ganin farin abu a harshen ƙanena, na ɗauka fura da nono ya sha bai kurkure baki ba. Na sa tsumma na goge, sai wurin ya yi ja har da ɗan jini. Shekara biyu ke nan ina jinyarsa, tun da aka gano yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Amma abin da zan faɗa bai tsaya kan masu wannan cuta ba. Ya shafi mai ciwon suga da ya ƙi saituwa, da mai shan maganin ciwon daji, da wanda aka yi wa dashen ƙoda, har da 'yan matan da ke haɗiyar dexamethasone don su yi ƙiba, ba su san garkuwarsu suke rushewa ba.

Ki fara da baki, kowace safiya, da fitilar waya. Ki ce wa majinyacin ya buɗe, ki duba harshe da cikin kumatu da ganda. Farin da ya yi kama da kindirmo, wanda in an goge ya bar ja, ƙwayar naman gwari ce da ake kira Candida. A jikin mai lafiya zaune take lafiya lau, raunin garkuwa ne ke ba ta dama. In a baki kawai take, likita kan rubuta nystatin na ruwa, kuma ba a haɗiye shi nan take, sai an riƙe a baki an jujjuya. In kuwa ya fara cewa tuwo na tsaya masa a ƙirji, ko ruwa ma yana masa zafi, to ta gangara maƙogwaro, sai fluconazole, sai asibiti.

Ciwon kai ne abin da na fi tsoro. Mu kan ce rana ce, ko zazzaɓin sauro, a sayo paracetamol a kyamis. Ga mai raunin garkuwa, ciwon kai da ya kwana biyu ko uku bai sauka ba, musamman in akwai amai, ko haske na damun ido, ko ya fara magana ba kan gado, kada ki jira gari ya waye sau biyu. Akwai wata ƙwayar naman gwari, Cryptococcus, da ake shaƙa ta sauka a huhu, daga nan ta hau kai ta zama sanƙarau. Wuya ba lallai ya sanƙare ba, abin da ke yaudarar mutane ke nan. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙwayoyin naman gwari 19 masu haɗari, kuma wannan na cikin huɗun da ke sahun gaba.

Ki san adadin CD4 ɗinsa, wato ƙwayoyin jinin da ke nuna ƙarfin garkuwa, kamar yadda kika san lambar wayarki. In ya gaza 200, ki buɗe baki ki tambayi gwajin CrAg, jini kaɗan ake ɗiba, kuma yana kama ƙwayar tun kafin ciwon kai ya fara. In likitoci suka ce za su ɗebi ruwan ƙashin baya, ki yarda. Gwaggonmu ta yi rantsuwa cewa allurar na gurgunta mutum, ta kusa hana mu sa hannu a takarda. Da aka ɗeba, a yammacin nan ƙanena ya nemi shayi, don ruwan da ya taru ne ke matse masa ƙwaƙwalwa.

A gida kuma, tattabarunsa ne suka haɗa mu faɗa. Ƙwayar na son busasshen kashin tattabara. Ban sayar da su ba, zuciyarsa na kansu, amma na hana shi shara a akurki. Ɗan yayarmu ke yi, shi ma sai ya yayyafa ruwa kafin ya sa tsintsiya. Haka buhun gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna, da ɗakin da damina ta bar wa bango baƙi, ba ya zuwa kusa.

Septrin ɗinsa, maganin kariya, kullum ne, tare da maganin cutar, ba fashi ko ranar da ya ji garau. Yana kare shi daga wani irin ciwon huhu da ke zuwa da busasshen tari da haki. Sai dai in fata ta fara kumbura tana salewa, ko leɓe ya yi gyambo, a daina shan Septrin ɗin a tafi asibiti a ranar. Tari kuwa, da gumin dare, da rama, a kai majina a gwada tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Makero da ƙaiƙayin matsematsi, kada ki shafa musu man bilicin ko man kyamis mai haɗe-haɗe. Ƙaiƙayin zai lafa kwana biyu, sannan ya dawo ya cinye cinya.

Magungunan nasa a tsohon gwangwanin madara nake ajiye su, kusa da butar alwala, don ya gan su da asuba.