Fulogi huɗu ko shida? Kurakuran da muke tafkawa wajen sayen jif ɗin iyali

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk wanda ya shiga wajen dillalan mota a Birnin Kebbi tambayarsa ta farko ita ce "fulogi nawa ce?" Da an ce masa shida sai ya ja da baya kamar ya taka wuta. Ni ma na yi wannan tsoron, kuma shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane, don haka bari in fara da shi.

Mutane sun ɗauka tunda shida ta fi huɗu da biyu to shan man ma haka yake. A ƙaramar mota irin Corolla zancen yana da kama da gaskiya, amma jif ba Corolla ba ce, Highlander kusan tan biyu take kafin kowa ya shiga, ka zuba uwargida da yara biyar da kaka, buhun shinkafa biyu a but, ga esi a kunne tun daga gida saboda zafin Afrilu da yake haura digiri 40, to wallahi ƙaramin inji kuka zai dinga yi, kai kuma ƙafarka na kan totur ba sassauci, giya na ta sauka tana hawa. Man da kake gudun sha a nan yake tafiya. Duba Highlander ta 2012: mai fulogi huɗu girman injinta lita 2.7 ne, ƙarfin doki 187, mai shida kuma 3.5 ne, ƙarfin doki 270. A gwajin hukuma na Amurka mai huɗun tana cin kilomita 9 da ɗoriya a lita guda, mai shidan (wadda ƙafar gaba kawai ke ja) kilomita 8 da rabi. Daga nan zuwa Sakkwato ta Argungu wajen kilomita 150 ne, yi lissafi da kanka, bambancin bai cika lita biyu ba. Saboda lita biyu ka sayi motar da in za ka wuce tirela a hanyar Jega sai ka yi ta salati? Haka Prado mai 2.7, injin ƙarfe ne ba ya mutuwa da wuri, amma wanda ya tuƙa ta cike da mutane ya san nauyin jikinta, mai 4.0 ɗin wata duniya ce daban. Gyaran wanga kuskure mai sauƙi ne, kada ka gwada mota kai kaɗai. Ɗebi mutum huɗu ko biyar, kunna esi, ku hau babban titi ka ji yadda take amsawa.

Amma fa kar wani ya ce na ce kowa ya sayi shida. In zirga-zirgarka makaranta ce, kasuwa, ofis, cikin gari dai, mai huɗu ta ishe ka har da saura. Illa ka sani Highlander mai 2.7 gaba kawai take ja, babu mai jan ƙafa huɗu a cikinsu, in ƙauyenku da damina sai an ratsa taɓo ko yashi to ka sake tunani.

Inda mai shida ke cizo ba gidan mai ba ne, gareji ne, kuma nan masu sayenta ba sa kallo. Baƙin mai lita 6 take sha a sabis, mai 2.7 lita 4 da rabi ma bai cika ba. Fulogi shida, kwayil shida, kuma ukun baya a ɓoye suke sai an kwance kan injin kafin hannu ya kai. Wani bakanike ya taɓa karɓar kuɗin fulogi shida a hannuna ya canza uku na gaba ya bar na baya yadda suke, sai da motar ta fara rawa a hanyar Yauri na gane. Tun daga ranar ko dai ina tsaye a kansa ko kuma a miƙo min tsofaffin guda shida in ƙirga.

Sai batun bel. Da yawa ba su san ko injinsu taimin bel (bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul) gare shi ko sarƙa ba. Highlander mai shida ta 2001 zuwa 2007 (3.0 da 3.3) bel ce, daga 2008 mai 3.5 sarƙa ce. Honda Pilot kuwa duk fulogi shida ce kuma bel take amfani da shi, in ya tsinke kana tafiya bawul da fistin ne za su yi karo, aikin inji ya same ka. Wajen mil 100,000 ake canza shi, kuma lura, motar da ta fito daga Amurka mil take ƙirgawa ba kilomita ba, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. In mai sayarwa bai da shaidar an canza, ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗin daga ciniki.

Masu neman tsohuwar Highlander mai 2.4 kuma, ku zaro sandar awon baƙin mai ku duba, ku leƙa bayan injin ko ruwa na tsatsa, don an san injin nan da shan baƙin mai da kuma sakin kusoshin kan injin in ya sha zafi.

Wani sabon ruɗani, yanzu "fulogi huɗu" ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Toyota da kanta ta cire mai shida daga Highlander a 2023 ta sa mai huɗu 2.4 mai turbo (na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi), ƙarfin doki 265, Ford Explorer ma tana da 2.3 mai turbo tun 2016. Waɗannan ƙarfi ba ƙarya, sai dai ba sa ɗaukar wasa, baƙin mai na awo a galan da man 'yan bumburutu da ƙurar hunturu a iya fita da ba a canzawa, su ne ajalinsu. Kafin ka saya ka fara tambaya wa zai gyara maka ita a garin nan, yana da kwamfutar duba ta ko sai an ja ta zuwa Kano ko Abuja?

Na ƙarshe ya haɗa kowa, huɗu da shida. Mota na sauka sai a ce "oga a cire tamostat, na ƙasar sanyi ne" (tamostat shi ne ke daidaita zafin inji), a haɗa fanka kai tsaye, a ɗura ruwan rijiya a lagireto. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa mai yake ƙara sha, kwamfutarsa na zaton har yanzu safiya ce, ruwan rijiya kuma tsatsa da gishiri yake tarawa har famfon ruwa ya fara zuba. In tana zafi a wanke lagireto, a duba murfinsa da fanka, a sa kulant, tamostat ɗin in ya mutu a sayo wani a mayar.