Kurakuran da ake yi wajen samar da dashen lemo marar cutar bairos

Babban kuskure shi ne yankar ido, wato ɗan tohon da ake aurawa a kan wani gindi, daga bishiyar da aka ga ta yi kore shar, a ɗauka lafiyarta ƙalau. Cutar tiristeza, wadda bairos ke kawowa, kan zauna shekaru a jikin lemo ba alama, sai an aura idon a kan gindin da ba ya jure mata bishiyar ta fara zubar da ganye, ta bushe. Haka ta kashe miliyoyin bishiyoyi a Ajantina da Burazil tsakanin shekarun 1930 da 1940, domin yawancinsu a kan gindin lemo mai ɗaci aka aura su. Kuma bairos idan ya shiga, babu feshin da zai fitar da shi. Don haka a karɓi ido daga uwar bishiyar da aka gwada kaɗai, da gwajin ELISA ko PCR da ake yi a ɗakin gwaji don gano bairos, ko ta hanyar aura ɓawonta a kan ƙaramin lemon tsami na Meziko, wanda jijiyoyin ganyensa kan yi haske idan cutar na nan. Gwajin ma ba na sau ɗaya ba ne, ana maimaita shi.

Wuƙar aure ita ce kuskure na biyu. Cutar ekzokotis, mai sa ɓawon gindi ya tsattsage, a bakin wuƙa da almakashi take tafiya, kuma goge su da sifirit bai isa ba. A tsoma su cikin bilic mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 bayan kowace bishiya, sannan a ɗauraye a shafa mai, don bilic na cin ƙarfe.

Masu tsabtace iri a ɗakin gwaji, ta hanyar yanke kan sabon tsiro su aura shi, kan yi ganganci wajen girman tsiron da suke yankewa. Kan tsiron kada ya wuce milimita 0.1 zuwa 0.2, a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a ɗora shi kan gindi ɗan mako biyu da aka tsirar a duhu. Babba ya fi saurin kamawa, shi ya sa hannu ke karkata can, amma da cutar yake tahowa. Ajiye dashe cikin zafi kuma, digiri 40 da rana, 30 da dare na tsawon makonni, yana kawar da tiristeza amma ba ya taɓa ekzokotis. Duk abin da ya fito sai an sake gwada shi.

Bayan duk wannan wahala, wasu sai su jera dashen a fili kusa da tsohuwar gonar lemo. Ƙwarin darɓa su tsotso cutar tiristeza daga can su dawo da ita. A rene su cikin rumfar raga mai ƙananan idanu, mai ƙofa biyu, a riƙa duba yagewa, a ɗinke ta ranar da aka gani.