Yadda Gari Zai Shiga Cinikin Kabon Ba Tare da An Kware Shi Ba

Cinikin kabon ya ginu ne a kan ma'auni guda: duk tan 1 na iskar kabon da itatuwa suka zuƙe, ko aka hana fitarsa ta hanyar daina sare daji, ana ba da takardar shaida ɗaya a kansa, kamfanoni masu fitar da hayaƙi kuma su saya domin a rage shi daga lissafin hayaƙin da suke fitarwa. Ga ƙauyukan ƙasar Zuru da Yauri da har yanzu suke da ɗorawa, kaɗanya da kuka, wannan hanyar samun kuɗi ce, amma sai an bi ta a tsanake.

Da farko a tantance mai ƙasar. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha amana a hannun gwamna, saboda haka gari ba shi da ikon sa hannu a kan gandun dajin gwamnati. A zauna da dagaci da hakimi da jami'an gandun daji a shata iyaka a rubuce, sannan a yi wa ƙungiyar gari rajista, ta buɗe asusun banki da sunanta. Makiyaya da mata masu tsintar kaɗanya da masu gawayi su kasance a zaman tun farko, domin idan aka toshe burtali ko aka hana itacen girki ba tare da madadi ba, saran zai koma dajin maƙwabta ne kawai, masu tantance aikin kuwa suna zabge wannan daga lissafin kabon.

Sai aikin kansa. Ba a biyan kuɗi don itatuwan da tun asali babu mai taɓa su. Dole a nuna cewa aikin ne ya kawo ƙarin. Hanya mafi araha ita ce wadda manoman Maraɗi suka bi, wato barin tohon kututture a gona ana rage masa rassa har ya zama itace. A ƙirga itatuwa, a auna kaurinsu, a adana hotuna masu kwanan wata.

Inda ake yawan cutuwa shi ne yarjejeniya da dillali. A tambaye shi ko a Verra ko Gold Standard, wato ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa masu ba da takardun shaidar kabon, zai yi rajistar aikin, a nemi lambar rajistar a duba a intanet, a kuma bincika ko Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi, wadda dokar 2021 ta kafa, ta san da shi. Irin wannan yarjejeniya kan kai shekara 20 ko fiye, don haka lauyan da garin ya ɗauka da kansa ya karanta ta, a fassara ta da Hausa a bainar jama'a, a ga kason gari da wanda zai ɗauki asara idan gobarar daji ta tashi. Galibi kuɗin farko ba ya zuwa sai masu bincike masu zaman kansu sun tabbatar da lissafin, abin da kan ɗauki shekaru, don haka kada kowa ya ci bashi da sunansa.