Yadda Ake Haɗa Ɗan Hannu Mai Taushi da Ke Damƙe Abu Idan Ya Ji Zafi

Haidurojel abu ne mai laushi kamar agidi, wanda mafi yawan jikinsa ruwa ne. Nau'in da ake kira PNIPAM yana shan ruwa ya kumbura cikin sanyi, amma da zarar zafi ya haura digiri 32 sai ya amayar da ruwan ya tsuke. Da wannan hali David Gracias da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka ƙera ƙananan hannaye masu kama abu ba tare da inji ba.

Da farko a sa safar hannu da tabarau, domin sinadaran suna da guba kafin su daskare. A narkar da garin NIPAM, wato sinadarin da ake yin PNIPAM da shi, a tataccen ruwa tare da ɗan MBAA, sinadarin da ke ɗaure ƙananan zarurrukan haidurojel ɗin da juna, sannan a hura iskar naitirojin a ciki don korar iskar oksijin, wadda ke hana haɗin kamawa. Daga nan a zuba APS da TEMED, sinadaran da ke sa haɗin ya fara daskarewa, a tsiyaya ruwan tsakanin gilasai biyu.

A nan ne ɗalibanmu da ke aiki a ɗakunan gwaji na unguwannin Akoka ko Yaba a Legas ya kamata su natsu. A watannin Fabrairu da Maris zafin rana a Legas yakan kai digiri 32, kuma haɗin kansa yana fitar da zafi, don haka idan aka ɗauke wuta na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, sai haidurojel ɗin ya fito fari fat kamar nono, tsarinsa bai daidaita ba. Ina ganin bai kamata a fara ba sai an tanadi kwanon ƙanƙara da za a ɗora gilasan a kai.

Bayan ya kama, a shimfiɗa masa siririn falle na biyu wanda zafi ba ya motsa shi, a yanka shi siffar tauraro mai yatsu, a jiƙa kwana biyu ana canza ruwa. A kula da kauri, domin rage shi da rabi yakan mayar da lokacin motsi kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Wajen gwaji, a ɗora ƙwayar gero a tsakiya ta ɓangaren PNIPAM, a zuba ruwa mai ɗumin digiri 40. Yatsun za su lanƙwaso su rungume ta, ruwan sanyi kuma ya sa su saki.