Yadda Ake Yanke Tsatsa a Yi wa Fendar Tsohuwar Mota Faci da Walda

Duk mai riƙe da tsohuwar Peugeot 504 ko Marsandi ta shekarun 1980 a Jos ya san wuraren da tsatsa take fara ci a jikin mota, wato bakin fenda da ya zagaye taya, da gindinta na kusa da ƙofa, da kewayen fitilar gaba. Daminar Filato tana kai wata shida zuwa bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba, taya kuma tana watsa jar laka cikin lungunan fenda, lakar ta maƙale ta riƙe danshi kwana da kwanaki bayan ruwa ya ɗauke. Don haka daga ciki tsatsar take tasowa, kuma ranar da aka ga fenti ya yi ƙuraje a waje, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya riga ya ciwu. Ko da yake an daɗe ana haɗa 504 a kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, sabuwar fendarta ta yi wuya yanzu, ta hannu kuwa sau da yawa da tata tsatsar take zuwa. Abin da ya rage shi ne a yanke ruɓaɓɓen wurin a dasa lafiyayyen ƙarfe da walda. Cusa takarda ko ragar waya a rami a shafe da fila, wato ƙullin da ake cike kwarin jikin mota da shi kafin fenti, kamar yadda wasu masu gyara suke yi, ha'inci ne, domin damina ɗaya ko biyu ta isa ta tona shi.

A fara da gano iyakar ɓarnar. Idan fendar ta noti ce, kamar ta gaban 504 ko duka huɗun Volkswagen Beetle, a kwance ta a ɗora a kan tebur, saboda aikin yana buƙatar hannu ya kai ciki da waje. A kankare fenti da tsohuwar fila har ƙarfe ya fito tas, a wuce inda ake zaton tsatsar ta tsaya da kamar faɗin tafin hannu. Maganaɗisu yana taimakawa a nan, domin duk inda ya ƙi kamawa akwai fila mai kauri da wani ya ɓoye aibi da ita. Sai a bi wurin da bakin sukundireba ana dannawa: inda ya lotsa ko ya huje, da inda ƙarfen ya yi ƙananan ramuka birjik, duk na yankewa ne. A zana layi da alli santimita 2 zuwa 3 cikin lafiyayyen ƙarfe, domin ƙarfen da ya sirance ba ya ɗaukar walda, narkewa yake yi ya bar rami.

Ƙarfen facin dole ya zo daidai da kaurin na motar, wanda a yawancin motocin wancan zamani yake tsakanin milimita 0.8 da milimita 1. Idan ya fi kauri, kafin ya narke na motar ya ƙone. A ganina babu abin da ya kai rufi ko bonet na mota irin ta, wanda ake samu wajen 'yan gwangwan ko masu sayar da kayan mota na hannu a Dilimi, saboda kaurinsu da laushinsu ɗaya ne. A guji kwanon rufin ɗaki da duk ƙarfe mai rufin zinki, domin farin hayaƙin da yake fitarwa a wuta yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, waldarsa kuma ba ta fita da tsabta.

Kada a yanke fendar tukuna. A fara ƙera facin alhali tsohon wurin yana nan, domin shi ne ma'aunin da za a riƙa gwada lanƙwasa a kansa. A ɗora kwali a kan wurin, a danna shi ya bi siffar fendar, a yanke shi, sannan a zana shi a kan sabon ƙarfen tare da ɗan ƙari a gefuna. Lanƙwasa mai sauƙi ana yin ta da hannu a kan bututun ƙarfe, leɓen bakin taya kuma a matse ƙarfen tsakanin ƙarafa biyu masu kusurwa a riƙa kwantar da shi da guduma kaɗan-kaɗan daga wannan gefe zuwa wancan. Inda fendar ta yi tudu ta fuska biyu, a buga ƙarfen a kan kututturen icce da aka ɗan rarake ko a kan buhun yashi. A bar kusurwoyin facin da zagaye, saboda kusurwa mai tsini tana tara zafi wuri ɗaya. Idan ya zauna daram, a matse shi a kan fendar, a zagaye shi da tsinin ƙusa, a yanke a kan wannan layin da siririn faifan giranda.

Akwai masu ɗora faci a kan tsohon ƙarfe su bi gefensa da walda, don ya fi sauƙi da sauri. Illarsa ita ce tsakanin ƙarafan biyu akwai kafar da ruwa zai shiga ya kwanta, tudun da ya bari kuma sai an binne shi da fila mai yawa. Haɗin baki-da-baki, inda facin yake shiga ramin ya yi daidai da fuskar fendar, shi ne aikin ƙwarai. Ratar da ke tsakaninsu kada ta wuce milimita 1, a kuma goge gefunan biyu ciki da waje har su yi ƙyalli.

Injin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne na MIG, wato injin lantarki da yake turo siririyar wayar walda da kansa, iska tana kare wurin da ake waldar, da waya mai kaurin milimita 0.6 da iskar argon gauraye da CO2. Waldar lantarki ta sanda, irin ta masu ƙofa da taga, huda ƙarfen mota take yi. Waldar gas ta kabayid, wadda mafi yawan fanel bita na Farin Gada suka gwanance a kanta, tana yin aikin idan an sa ƙaramin baki da wayar ƙarfe, sai dai zafinta yana bazuwa nesa, don haka gyaran guduma a bayanta ya fi yawa. A guji like da jan ƙarfe ko tagulla a fuskar fenda, domin ragowar hodar da ake haɗawa da ita tana tayar da fenti daga baya. Idan a jikin mota za a yi waldar, kamar a fendar baya, a cire kan batir, a cire tankin mai ko a kare shi sosai, a fitar da kafet da soso, a kankare baƙin kwaltan da ke bayan ƙarfen saboda yana kama wuta, a kuma ajiye tukunyar kashe gobara kusa.

A nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Ƙarfe idan ya yi zafi ya huce yana tsukewa, kuma wanda ya ja walda doguwa a kan siririn ƙarfe zai tarar fendar ta murɗe ta yi kwari da tudu, abin da gyaransa ya fi facin kansa wahala. Sauri ya haifi nawa ke nan. A gwada ƙarfin wutar a kan guntun ƙarfen da ya rage har ɗigon walda ya ratsa ya bayyana ta baya ba tare da ya huda ba. Sannan a ɗiga walda a gefuna huɗu na facin, a tsaya a shafa da yatsa a ji ko fuskokin biyu suna daidai, a gyara da guduma idan ɗaya ya tashi. Daga nan a ci gaba da ɗigo ɗaya-ɗaya, tsakaninsu kamar santimita 3, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa na nesa da shi, ana jira har a iya ɗora tafin hannu a wurin kafin a dawo. Bayan kowane zagaye a tokare bayan ɗigon da dunƙulen ƙarfe a ɗan bubbuga shi da guduma, domin hakan yana buɗe abin da zafi ya tsuke. Haka za a riƙa cike tsakani, kowane sabon ɗigo yana hawa gefen na baya, har layin ya rufe. Kada a kwara ruwa don a gaggauta hucewa. Idan wuri ya huje, a tokare bayansa da guntun jan ƙarfe mai faɗi, wanda walda ba ta kama shi, a cike ramin a kansa.

Gurza ma tana kawo zafi, saboda haka a bi kan waldar kawai da giranda a hankali, kada a ci ƙarfen da ke gefenta, kuma da zarar wurin ya fara yin shuɗi a dakata. Idan an gama, a kai fendar wuri mai duhu a haska tocila ta bayanta. Duk ƙaramar hudar da haske ya ɓullo ta cikinta a sake ɗiga mata walda, domin fila tana shan ruwa, kuma ta irin wannan huda danshi yake shigar ta. Sauran tsatsa mai sauƙi da ke bayan fendar a goge ta da burushin waya a shafa mata maganin tsatsa mai sinadarin fosforik.

Kafin a taɓa fenti, a mayar da fendar jikin motar a duba ratar da ke tsakaninta da ƙofa da bonet, a gwada fitila ta zauna, tunda duk gyaran guduma yanzu ne lokacinsa. Sannan a fesa fentin shimfiɗa na epoxy ciki da waje, a bi layin waldar ta baya da man toshe haɗi, a rufe da baƙin fentin ƙarƙashin mota, a tabbatar ba a toshe ƙananan kafofin da ruwa yake zurara ta gindin fendar ba. Fila a fuska kada ta wuce milimita 2 zuwa 3, a goge ta da samfefa a kan katako mai tsawo don kada yatsu su bar kwari. Sanyin hunturun Jos yana jinkirta bushewar fila da fenti, ƙurarsa kuma tana sauka a kan ɗanyen fenti, don haka a yi feshin da rana tsaka a cikin rufaffen wuri, bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa.